Ɗan Hausa, Baturen da ya shimfiɗa ƙa'idar rubutun boko

A filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe, yau mun ɗauko wani Bature wanda sunansa ya fi shahara a Kano, amma aikinsa yana cikin duk wani kaye na bashi da aka rubuta da Hausa a babbar kasuwar Maraɗi, yana kuma cikin saƙonnin da ake turawa ta salula daga Tibiri ko Jiratawa. Sunansa na asali Hanns Vischer, ana faɗinsa Fisha, mutanen Kano kuwa suka laƙaba masa Ɗan Hausa saboda yadda harshen ya zauna a bakinsa. Shi ne ya tsara wa gwamnatin Arewacin Najeriya ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko a shekarar 1912. Cikin matsalolin da masu rubutu suka yi ta fama da su a zamaninsa akwai wata ƴar ƙarama a ido: yaushe ake rubuta baƙi sau ɗaya, yaushe kuma ake ninka shi? Wanda ya raina wannan tambaya, sai ya dubi nisan da ke tsakanin baba da babba, ko tsakanin maka da Makka.

Asalinsa da zuwansa ƙasar Hausa

An haifi Fisha ranar 14 ga watan Satumba na shekarar 1876 a birnin Bazel na ƙasar Suwis. Ya tashi da Jamusanci da Faransanci, sannan ya ƙetara Ingila ya yi karatu a jami'ar Kambirij. A shekarar 1901 ya shigo Najeriya cikin ƴan mishan na Ingila, ya zauna a Loko, bakin kogin Binuwai. A lokacin ƙofar Kano a rufe take gare su, domin a shekarar 1900 Sarkin Kano Alu ya mayar da ayarin ƴan mishan da suka je birnin, bai yarda sun zauna ba. Fisha bai daɗe a wannan aiki ba. A shekarar 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin mulki, aka tura shi Barno. Can ya ƙara Barbarci a kan Hausa da Larabcin da yake koyo.

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne tafiyar da ya yi a shekarar 1906. Da hutunsa ya ƙare a Turai, maimakon ya koma bakin aiki ta jirgin ruwa kamar sauran ƴan uwansa, sai ya sauka Tarabulus, birnin da tun da daɗewa akwai Hausawa fatake da alhazai da bayi a cikinsa, ya haɗa ayarin raƙuma ya fuskanci kudu. Cikin ayarin akwai alhazai masu komawa gida daga Makka, akwai kuma bayin da aka ƴanta suna neman hanyar ƙasarsu. Suka bi ta Murzuk, suka ratsa Kawar da Bilma a cikin ƙasarmu ta yau, inda sojojin Faransa ba su daɗe da sauka ba, har suka kai tafkin Cadi bayan watanni suna tafiya. Wannan ita ce tsohuwar hanyar fatake ta Barno. Ya rubuta labarin tafiyar a littafi, aka buga shi a shekarar 1910. Wanda ya yi watanni cikin ayari yana cin tuwo da alhazai, yana jin gardamar masu raƙuma a bakin rijiya, ba mamaki kunnensa ya fi na Baturen ofis kama sautin magana.

Makarantar Nasarawa

A shekarar 1908 Gwamna Girouard, wanda ya gaji Gwamna Lugga, ya ɗora wa Fisha nauyin kafa ilimin boko a Arewa. Kafin ya fara sai da ya je Masar da Sudan da Gwalkwas, wato Gana ta yau, ya ga yadda ake tafiyar da makarantu. A shekarar 1909 ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, a zamanin Sarki Abbas. Ya fara da ajin malamai, waɗanda suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, sannan aka buɗe na ƴaƴan sarakuna, da na sana'o'i irin su dukanci da sassaƙa da ƙira. A shekarar 1910 aka naɗa shi daraktan ilimi na Arewa baki ɗaya.

Tsarinsa shi ne a koyar da yaro da Hausa, a bar shi da rigarsa da hularsa da sallarsa. To, amma da wane rubutu? Hausawa sun daɗe suna rubuta harshensu da ajami; waƙoƙin wa'azi na Hausa na zamanin Shehu Usmanu da shi aka yi su. Cikin Turawan mulkin ma akwai masu ganin a bar ajami. Amma gwamnati ta zaɓi boko, domin shi ne ma'aikatanta ke iya karantawa, shi ne kuma injin buga takardunsu ke da baƙaƙensa. Da aka tsaya a kan haka sai wata matsala ta fito fili: kowane Bature da irin yadda yake rubuta Hausa. Ba ka iya buga littafin makaranta alhali kalma guda tana da fuska uku.

Inda rikicin baƙi biyu ya samo asali

Don a gane abin da ya rikita su, sai mun leƙa cikin Ingilishi kaɗan. A Ingilishi akwai ƙa'idar da ake koya wa yara tun suna ƙanana. In kalma mai gaɓa ɗaya ce, wasalinta gajere ne, ta kuma ƙare da baƙi ɗaya, to in za a yi mata ƙari a ƙarshe wanda ya fara da wasali, sai a ninka baƙin nan. Kalmar stop, wato tsaya, takan koma stopped ko stopping. Big, wato babba, ta koma bigger. In kalmar ta fi gaɓa ɗaya, sai a duba inda nauyin murya ya faɗa: begin tana komawa beginning don nauyin yana gaɓar ƙarshe, visit kuwa visiting ce da t ɗaya. Su kansu masu harshen ba su gama daidaitawa ba, domin Ingila na rubuta travelled da l biyu, Amurka na rubuta traveled da l ɗaya, tun bayan ƙamus ɗin Noah Webster na shekarar 1828.

Abin lura a nan shi ne, Baturen Ingila ba ya furta baƙin nan sau biyu. Alama ce kawai da ke gaya wa ido cewa wasalin da ya gabata gajere ne. Ita ce ke raba hopping, tsalle da ƙafa ɗaya, da hoping, sa rai. To, da mai wannan al'ada ya ji Bahaushe ya ce gida ko tafi ko daga, ya ji wasalin farko gajere, sai hannunsa ya rubuta gidda, taffi, dagga. Littattafan Hausa na farko da Turawa suka wallafa cike suke da irin wannan. Ita kanta unguwar da makarantar take, har yanzu ana ganin sunanta a alluna da s biyu, Nassarawa.

A Hausa kuwa abin ba haka yake ba. Baƙi biyu a Hausa baki ne ke yin sa, kunne kuma ya ji shi. Harshe na daɗewa a wurin, kuma ma'ana na canzawa. Mana daban, manna daban. Kala daban, kalla daban. Daba wurin zaman ƴan tauri ce, dabba kuwa ita ake kaiwa kasuwar Litinin. Malaman ajami sun san wannan tun kafin zuwan Bature, domin suna da shadda, alama guda da ake ɗorawa bisa baƙi a ce an ƙarfafa shi. In aka bar al'adar Ingilishi ta zauna a rubutun Hausa, mai karatu ba zai taɓa sanin wane baƙi biyu ne na gaskiya, wane ne na ado ba.

Ƙa'idojin 1912 da waɗanda suka ɗora a kai

A shekarar 1912 aka buga ƙa'idojin da Fisha ya tsara, suka zama ma'aunin makarantun gwamnati da ofisoshinta. Manufarsu ita ce rubutu ya bi sautin Hausa, kowane baƙi da aikinsa, kowane wasali da muryarsa, ta yadda ɗan Kano da ɗan Katsina za su ɗauki takarda ɗaya su karanta iri ɗaya. Aikin bai kammala a hannunsa ba. Sautukan nan namu da babu su a Turai, na ɓarawo da ɗaki da ƙofa, an daɗe ana nuna su da ɗigo a ƙarƙashin baƙi ko da waƙafi a gefensa, kuma ana rubuta ch inda muke sa c a yau. Amma hanya ta buɗe, masu zuwa baya suka bi ta.

Cikinsu akwai Bargery, wanda ya shiga ma'aikatar ilimi a zamanin Fisha, ya yi shekaru fiye da goma yana yawo gari gari yana tattara kalmomi. Ƙamus ɗinsa ya fito a shekarar 1934 da kalmomi wajen 39,000, kuma a cikinsa an bambance baƙi ɗaya da baƙi biyu bisa yadda ake furta su. Akwai kuma Dokta East na hukumar talifi ta Zariya, wanda ya shirya gasar rubuta labarai a shekarar 1933, da Malam Abubakar Imam wanda ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a watan Janairu na shekarar 1939. Cikin shekarun 1930 ɗin ne baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suka shiga rubutun Hausa. Ko a nan ma akwai hannun Ɗan Hausa daga nesa, kamar yadda za mu gani.

Abin da aka tsaya a kai, wanda muke amfani da shi har yau, mai sauƙi ne: a ninka baƙi in baki ya ninka shi. Kuma Hausa ma tana da nata ninkin da ke zuwa da ƙari a ƙarshen kalma, wanda malaman nahawu ke kira ɗafa-ƙeya. Iyayenmu mata masu sana'ar abinci kullum da shi suke talla. Dafa ta ba da dafaffe, soya ta ba da soyayye, niƙa ta ba da niƙaƙƙe, rina ta ba da rinanne, ɗinka ta ba da ɗinkakke. Baƙin ƙarshe na aikin shi ne ake maimaitawa, a kuma ninka shi. Haka yake a wasu jam'i: zobe da zobba, reshe da rassa, tudu da tuddai, wata da watanni. Haka kuma in aiki ya yawaita, sai dai a nan ninkin a farkon kalma yake: saya da sassaya, raba da rarraba, kira da kikkira. In baƙin mai haruffa biyu ne kamar sh ko ts ko ky, harafin farko kaɗai ake ninkawa. Shi ya sa ake rubuta gasasshen nama da busasshiyar kuɓewa da kyakkyawan zane da tsattsauran ciniki.

Sai dai akwai wani abu da ya shafe mu mu mutanen yamma. Da aka ce a bi kunne, kunnen Kano aka bi, domin a can makarantar take, can kuma aka ɗauki karin da ya zama daidaitacciyar Hausa. A yammacin ƙasar Hausa, har da nan wajenmu, za ka ji ana cewa kassuwa, hulla, mallam, zucciya, jakki, da ninki na gaskiya. A rubutun littafi kuwa kasuwa ce, da hula da malam da zuciya da jaki. Haka nan baki na cewa rigam Musa ko sayad da hatsi, alƙalami na rubuta rigar Musa da sayar da hatsi. Wannan ba ya nufin maganar Bagobirin Tibiri ko Bakatsinen Maraɗi kuskure ce. Yarjejeniya ce aka yi don takarda ta yi tafiya daga Maraɗi har Zariya ba a nemi tafinta ba, kamar yadda ake yarda da tiya ɗaya a kasuwa don kada awo ya zama rigima.

Sauran rayuwarsa

Fisha ya zauna a Kano da matarsa Isabelle, ita ma ƴar Suwis, wadda ta rubuta littafi da Faransanci a kan zamansu, aka buga shi a shekarar 1917. Yaƙin duniya na farko ya raba shi da makarantarsa. Ya shiga aikin sojan Ingila a sashen leƙen asiri, kuma bai sake komawa aikin Kano ba. Makarantar Nasarawa ta watsu zuwa makarantun larduna, malaman da ta horar suka bazu da bokon a Sakkwato da Katsina da sauran garuruwa.

Daga shekarar 1923 zuwa 1939 ya riƙe sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara a kan ilimi a ƙasashen da take mulki. A shekarar 1926 yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan, tare da Lugga da Bajamushen masani Westermann da Bafaranshe Delafosse, shi ne kuma babban sakatarenta. Wannan cibiya ce ta fitar da littafin shawara a kan rubuta harsunan Afirka a shekarar 1927, ta sake gyara shi a 1930, inda ta ƙarfafa a yi amfani da baƙaƙe na musamman a maimakon ɗige-ɗige. Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Sa a shekarar 1941. Ya mutu ranar 19 ga watan Fabrairu na shekarar 1945, shekarar da ambaliyar Gulbi ta ci tsohon garin Maraɗi har aka tayar da shi zuwa tudu. Gidan ƙasar da ya zauna a Kano yana nan, ana kiran sa Gidan Ɗan Hausa, an mayar da shi wurin ajiye kayan tarihi. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Kantin Kwari sari, wanda ya samu sarari yana iya leƙawa.

Masana ba su haɗu a kan hukunci ɗaya game da shi ba. Wasu na yaba masa don ya girmama harshen mutane, ya ƙi a mayar da yaran Hausawa Turawan dole. Wasu na ganin tsarinsa ya yi tafiyar hawainiya, ya bar Arewa a baya wajen Ingilishi da yawan ƴan makaranta in aka gwada da Kudu. Wasu kuma na tuna cewa ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma bokon da ya ɗaukaka shi ne ya ture ajami daga ofis, har aka wayi gari ana kiran malamin da ke rubuta wasiƙa da ajami wanda bai yi karatu ba. Duk maganganun nan uku akwai gaskiya a cikinsu.

Yadda abin ya kasance a Nijar

A shekarun da Fisha ke ratsa hamada yana kafa makaranta, a lokacin ne Faransa da Ingila ke shata iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina. Mu muka faɗo hannun Faransa, ita kuwa a lakwal ɗinta Faransanci kaɗai ake yi. Bokon Hausa ya shigo mana ta gefe, ta hannun ƴan mishan da suka zauna a Tibiri tun ƙarshen shekarun 1920 suna koyar da karatu da littattafan Najeriya, da kuma ta hannun masu zirga-zirga tsakaninmu da Kano.

Mu ma mun gaji namu baƙi biyun na ado, daga Faransanci. A wannan harshe, s ɗaya tsakanin wasula biyu ana karanta ta z. Don kada a ce Muza ko Iza, sai akawun Bature ya rubuta Moussa da Issa. Ta haka Tasawa ta zama Tessaoua, Ɗan Isa ta zama Dan Issa, Hausa kanta ta zama Haoussa, kamar yadda Jiratawa ta samu d a goshi. Abin ba wasa ba ne ga mai fatauci. Mutum ɗaya, takardar haihuwarsa ta ce Moussa, takardar da aka yi masa a ƙetaren iyaka ta ce Musa, sai ranar karɓar kuɗi ko neman fasfo a ce masa sunayen ba su yi daidai ba. Shawara a nan ita ce, a takardun hukuma mutum ya riƙe rubutu ɗaya tak, wanda ke kan takardar haihuwarsa, ya kuma duba na ƴaƴansa tun kafin lokacin jarrabawa.

Bayan samun ƴancin kai, hukumar UNESCO ta kira taro a Bamako a shekarar 1966 don daidaita baƙaƙen wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Nijar ta ɗauki wani tsari a karatun manya inda ake ninka wasali in dogo ne. Dattawan da suka yi yaƙi da jahilci a wancan lokaci za su tuna da jaridar karkara mai suna Saabon Ra'ayii, da yadda ake rubuta kaasuwaa da gidaa. Tsarin yana da amfaninsa, domin yana raba gari na zama da gaari na tuwo, yana raba duka da duuka. Amma ya nisanta mu da littattafan Najeriya. A shekarar 1980 aka yi taro a Yamai aka daidaita rubutun ƙasashen biyu, aka bar ninka wasali, aka riƙe ninka baƙi. A shekarar 1999 ma'aikatar ilimi ta ƙasa ta fitar da dokar da ta tabbatar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar. Ɗan bambancin da ya rage a bayyane shi ne mu muna rubuta ƴa da ƙugiya, su suna sa waƙafi a gaban y.

Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara a Damagaram tun shekarar 1973, sannan a shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ke nan yaron da ke tasowa yanzu zai haɗu da ninki iri uku, kuma ya kamata iyaye su san bambancinsu don su taimaka masa. Na Ingilishi yana nuna gajeren wasali. Na Faransanci galibi gadon rubutu ne, sai an haddace. Na Hausa kuwa a baki yake.

Saboda haka, uwargida, in za ki rubuta wa mai kawo miki kaya saƙo, ko za ki sa yarinya ta shigar da bashi a kaye, ki faɗi kalmar a hankali tukuna. In harshenki ya tsaya a kan baƙin, kamar a babba da dabba da dafaffe, a rubuta biyu. In ya wuce salin alin, kamar a gida da tafi da daga, ɗaya ya isa. Kalmomin da karinmu ya sha bamban da na littafi, irin su kasuwa da hula, ba su da yawa, ana iya riƙe su a ka. Alhaji mai shago kuma, kafin ka biya mai fenti kuɗin allo, ka sa wanda ya san ƙa'ida ya duba rubutun, domin allo ya fi shekara goma yana kallon titi.

Nan muka kawo ƙarshen tarihin Ɗan Hausa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.